Ta Ashirin da Huɗu

Duk matar da ta taɓa zama a taron Ƙungiyar Mata Masu Raino ta haddace labarin yara ashirin da uku, ko tana so ko ba ta so, domin Malama Hanatu ba ta taɓa riƙe lasifika ta ajiye ba tare da ta ba da shi ba. Da yara ashirin da uku ta fara, a zauren gidan mijinta marigayi Malam Dogo a Bungudu, tun kafin a yanke Zamfara daga Sakkwato. A lokacin in ka ce za ka kai ɗan shekara huɗu makaranta dariya za a yi maka, a tambaye ka ko nonon uwarsa za a riƙa aika masa a kwano. Allonta murfin duro ne da ta shafe da gawayi, kujerunta tabarmi uku, ƙararrawarta tsohuwar garma da ƙusa. Daga wannan zaure ƙungiya ta fito, ƙungiya ta yi rassa a Tsafe da Wanke da Rawayya da Wonaka, har aka gina makarantar nan ta Gusau mai aji shida da lilo biyu a tsakar fili.

Ba a yi mata ƙarya ba kuwa, mace ce da Allah ya ba hannun yara. Shekara talatin tana tsayawa a bakin ƙofa da safe, ta kira kowane yaro da sunansa, ta shafa kansa, ta leƙa hancinsa da farcensa. Yaron da ya ɓata wando ita ke wanke shi, ba ta bar wa mai shara. Amma malamai su kam sun san ɗaya fuskar tata. In ta ji kin ce wa yaro daƙiƙi, ko kin bar shi a lungu yana kuka, to ranar ko sallar azahar ba za ki yi cikin natsuwa ba. Akwai wadda ta sallama daga aiki saboda ranƙwashi ɗaya tak. Mijin matar ya naɗo rawani ya zo ban haƙuri, ya sha ruwan sanyi, ya koma yadda ya zo.

Yanzu jiki ya fara gaya mata gaskiya. Hawan jini ya kayar da ita sau biyu a shekara ɗaya, likita ya ce ko ta ajiye makaranta ko makaranta ta ajiye ta. Ƙungiya ta ba ta zuwa ƙarshen zango ta faɗi wadda za ta gaje ta. Ita kuwa tun tuni ta san wadda take so: 'yarta ta fari, Juwairiyya, mai koyarwa a reshen Tsafe inda take aure. Mijin ma ɗan kasuwar hatsi ne da ke wuni a Gusau, ya ce shi bai hana ba. Sau uku Hanatu tana aika Goggo Tambaya, ƙanwar marigayi, da saƙon a dawo a karɓi makaranta. Sau uku Tambaya na dawowa da gaisuwa da ƙullin daddawa, ba i, ba a'a. Abin yana cin Hanatu a rai, har ya fi ciwon damun ta.

Wani zai ce, to me ya hana ta ɗaga waya? Mai wannan tambaya bai san Malama Hanatu ba, bai kuma san gidan da ta fito ba. Juwairiyya 'yar fari ce, sannan sunan mahaifiyar Malam Dogo aka mayar mata, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun da aka haife ta Hanatu ba ta taɓa furta sunan ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ita a gaban mutane ba, ba ta taɓa cewa “'yata” ba. In magana ta kama dole sai ta ce “waccan ta Tsafe”. Ita ma Juwairiyya Malama take ce mata kamar kowa. Mata tsararta har misali suke yi da ita, suna cewa boko bai cire wa Hanatu kunya ba. Wannan yabo ya fi mata daɗi da duk takardun girmamawar da ke rataye a ofishinta.

Ranar Alhamis za a rufe bitar malamai ta shekara. Mata arba'in daga rassa sun cika babban aji, duk cikin shuɗiyar atamfar ƙungiya, Juwairiyya na layi na biyu daga baya kusa da taga. Kwana uku ana bita, kwana uku Hanatu na kallon ko'ina ban da wannan taga. Duk da haka ta san yarinyar ta rame, ta kuma san jiya ba ta cinye shinkafarta ba. Ta ƙudura a ranta cewa yau, kafin matan Tsafe su tafi tasha, za ta sa aminiyarta Hajiya Maimuna, shugabar ƙungiya, ta ja ta gefe ta samo amsa.

Darasin ƙarshe nata ne, kuma kowa ya san shi da darasin ƙwarya. Kowace malama za ta rubuta abin da take tunawa game da malamarta ta farko, ba suna ba sa hannu, ta ninke ta jefa a wata babbar ƙwarya. Hanatu ta juya takardun da hannu, ta riƙa zarowa tana karantawa da ƙarfi, tana yabawa inda ya dace, tana zuba faɗa inda ya dace. Ta ce malamar da ta manta yadda aka yi mata tana ƙarama ita ce ke cutar da ɗan wani.

Takardun farko dariya aka sha. Wata ta ce malamarsu layi take sa su suna cire mata furfura. Wata ta ce nasu malamin kullum sai ya ɗanɗana ƙosan kowa don ya tabbatar ba guba, har ya yi tumbi. Hanatu ta yi dariya har ta share ido, ta ce Allah shi gafarta mishi, in dai ya biya ƙosai.

Takarda ta shida ta fi sauran tsawo, an cika gabanta har an tsallaka baya da rubutu mai kyau, kowane harafi a zaune.

“Wagga ta iya rubutu,” in ji Hanatu, tana gyara tabarau. “Allah shi yi wa wadda ta kama hannunta albarka.”

Sai ta fara karantawa.

“Malamata ta farko kowa na son ta, ni ma ina son ta. Kullum da safe takan tsaya a bakin ƙofa ta kira kowane yaro da suna, ta shafa kansa. In na iso sai ta kau da kai. Na gwada zuwa da wuri, na gwada zuwa a ƙarshe, na gwada shiga tsakanin ƙawayena, ban taɓa dacewa ba. In ana kiran rajista ina jin sunan na gabana da sunan na bayana, nawa ba ya fitowa. Shekara biyu na yi a ajin ban taɓa amsawa ba. Ita ke kama hannun kowa ta koya masa riƙe fensir, ni da kallo na koya. Wata rana fitsari ya matse ni, na ɗaga hannu ba ta duba ba, na yi shi a tabarma. Ita ke wanke kowane yaro, amma ni sai ta ce wa wata 'yar ajinmu ta kai ni bayan gida. Ranar rabon kyauta ni na fi kowa iya ƙirge, aka ba wadda ta zo ta biyu littafin zane. Na daɗe ina tsammanin ko wari nake yi, har nakan shinshina rigata kafin in shiga.”

Hanatu ta cire tabarau ta ajiye a tebur. Waɗanda suka san ta suka gyara zama, don sun ga jijiyar wuyanta ta tashi.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kun ji? Kun ji abin da nike gaya muku kullum?” Ta buga tebur. “Ba ta doke ta ba, ba ta zage ta ba, amma wallahi gara duka da wanga abu. Ɗiya 'yar shekara huɗu tana shinshina rigarta! Wagga ba malama ba ce, azzaluma ce. Da a hannuna take, ko azahar ba ta kaiwa cikin makaranta. Kuma duk waɗanda sunka gani sunka yi shiru, su ma suna da kamasho.”

Hajiya Maimuna, da ke zaune a gefenta, ta taɓa mata zani a hankali. Hanatu ta fizge. In ta hau irin wannan faɗa ba ta jin birki.

“Bari in faɗi, Hajiya. Ko tana raye ko ta mutu, ni Hanatu na ce Allah ya isar ma yarinyag ga. Allah ya bi mata haƙƙinta, duniya da lahira!”

Mata suka buɗe baki za su amsa, wasu ma har sun fara, sai wata murya ta tsaga ajin daga wajen taga.

“A'a! Kada ku ce amin! Don girman Allah kada wadda ta ce amin!”

Juwairiyya ce a tsaye, kujerarta ta faɗi baya, gyalenta ya zame a kafaɗa, ta ɗaga hannu biyu kamar mai tare mota. Idonta a kan mahaifiyarta yake, kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba. Hanatu ta rasa abin da ke faruwa. Abin da ya fara zuwa mata ma haushi ne, wace irin rashin ta-ido ce wannan a gaban jama'a? Ta sunkuyar da kai don kada su haɗa ido, sai idonta ya sauka a kan takardar, ta tuna akwai saura a baya. Ta juya ta. Bakinta ya riga hankalinta, ta karanta layin farko a fili yadda ta saba.

“In an tashi kowa ya tafi gidansu, ni kuwa ba inda zan tafi, domin ajin a zaurenmu yake, allon murfin duro ne...”

Nan muryar ta tsaya. Sauran da ido ta karanta. Layi uku ne kacal. Na ƙarshe ya ce: “Ita ta haife ni, kuma na san ba ƙi na take yi ba, amma a lokacin ba wanda ya gaya mini.”

Hanatu ta ji kamar an ɗauke ƙasan ajin. Ta nemi kujera da hannu ba ta same ta ba, sai da Maimuna ta tura mata. Kunnuwanta suka toshe. Tana ganin bakunan mata na motsi, wata malama daga Wanke ta dafe kai da hannu biyu, wata na salati, amma ba ta jin komai. Abin da ta gani sosai shi ne Juwairiyya ta ɗauki jakarta ta fita tana tuntuɓe da ƙafafun kujeru, matan Tsafe biyu suka bi ta.

Maimuna ta rufe taro da addu'ar da ba wanda ya san me aka roƙa a cikinta, ta kama Hanatu ta kai ta ofis, ta rufe ƙofa, ta ba ta ruwa da ƙwayar hawan jini.

“Ba ni ba ce,” in ji Hanatu. Shi ne abin da ya fara fitowa daga bakinta. “Hajiya, ban taɓa wofintar da ɗan kowa ba. Yaran nan ashirin da uku, ina iya lissafa miki su yanzu, da sunan uwayensu.”

“Ashirin da huɗu ne, Hanatu.”

“Mi kinka ce?”

“Ashirin da huɗu. Ni na saƙo tabarmin, takwas-takwas munka zaunar da su. Shekara talatin ina jin kina cewa da uku, ban taɓa gyara miki ba, don na san wadda kike cirewa.”

Hanatu ta fara ƙirge da yatsu kamar 'yar aji ɗaya. Hafsat ta gidan maƙera, Ɗanlami mai majina, tagwayen Rawayya da ake kawowa a jaki. Ta kai ashirin da uku, yatsunta suka tsaya. Sai ga ta ashirin da huɗun a ƙarshen tabarma ta uku, jikin bango, da ɗan kitsonta guda biyu da fensir a dunƙule a hannu. Tana nan daram. Ashe kullum tana ganin ta, a lissafin ɗalibai ne kawai ba ta sa ta ba. Ɗalibai 'ya'yan mutane ne, su ake kira, su ake shafawa. Waccan kuwa tata ce, ta cikin gida, wadda ake kawar wa kai don kada a ce Hanatu ba ta da kunya. Shi ya sa ta karanta shafi guda cur tana tsine wa wata mata da ba ta sani ba.

“Ranar fitsarin nan,” ta ce, muryarta ta dushe, “ina bayan katanga tsaye da buta. Wallahi Hajiya hannuna har ƙaiƙayi yake. Amma matan unguwa biyu na zaure sun kawo ɗiyansu. Mi za su ce?”

“Da sun ce ba ki da kunya.”

“Littafin zanen kuwa, in na ba ta, sai a ce na fifita tawa.”

“Haka za a ce.” Maimuna ta share hawaye da bakin gyale. “Kuma mu munka yaba miki. Ni da bakina na sha faɗi a gidan suna, ku koyi kunya wurin Hanatu. Kin ce waɗanda sunka gani sunka yi shiru suna da kamasho. Ban ce amin ba, amma na ji a jikina.”

Sai a lokacin maganar da ta yi ta dawo wa Hanatu da nauyinta. Ta ja wa kanta Allah ya isa, da bakinta, da sunanta, a gaban shaidu arba'in. Wadda aka zalunta kuma ita ce ta miƙe ta tare. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, ba na mutuwa ba. Tsoron kada yarinyar nan ta koma Tsafe da wannan rana a ƙirjinta, a ci gaba da aiken Tambaya da ƙullin daddawa har ranar da za a aika mata ta zo wankan gawa.

“Ƙarfe nawa?”

“Uku ta wuce. Bari in aika a kira miki ita, in gaya mata kin ce...”

“Kada ki aika kowa.”

Ta fita ba jaka, ba waya, takalmin ma na alwala ta zura. Mai gadi ya ga Malama na gudu-gudu sauri-sauri ya miƙe yana tambayar ko wuta ce. Ta tare keke-napep ta ce tashar Tsafe, ta ce ya yi sauri, ita da kullum ke yi wa masu keke wa'azin gudu.

Tasha a cike take. A wannan zamani ba mai son hanyar Tsafe ta kama shi bayan la'asar, don haka kowa na ture kowa, buhunan masara da jarkokin manja da akuya ɗaure a bayan mota. Hanatu ta kutsa cikin mutane tana leƙa tagogi. Can ta hango shuɗiyar atamfa. Matan Tsafe biyun sun riga sun shige wata mota da ta cika, Juwairiyya kuma na tsaye a jikin wata tsohuwar Golf, ta ba da baya, ƙafa ɗaya a ciki. Tsakaninsu taku ashirin ne da amalanken rake da ya gitta.

Ta buɗe baki ta ce, “Ke!” Mata biyar suka waiwayo, ban da wadda ake nufi. Ta ce, “Ke ta Tsafe!” Rabin tashar 'yan Tsafe ne.

Ba sauran dabara. Sai dai sunan. Sunan surukarta ne, matar da ko a bayan idonta ba ta taɓa ambata ba. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, kamar an ce ta kwance zani a kasuwa. Ta runtse ido.

“Juwairiyya.”

A hankali ya fito, ko mai rake bai ji ba. Ta tattara muryar da take tsayar da yara ɗari biyu a filin taro.

“Juwairiyya!”

Juwairiyya ta waiwayo. Ta duba dama, ta duba hagu. Idonta ya bi ta kan mahaifiyarta ya wuce, yana neman wadda ta yi kiran a cikin masu tallar gyaɗa. Ta ga Malama sarai, amma ko kusa bai zo mata a rai cewa daga nan sunan ya fito ba. Wannan wucewar ido ta fi takardar yi wa Hanatu ciwo. Ta zagaye amalanke ta je gabanta ta tsaya, ta faɗi sunan karo na uku, suna kallon juna.

Jakar Juwairiyya ta faɗi ƙasa. Fuskarta ta yi fari fat.

“Innalillahi. Malama, wa ar rasu?”

“Ba kowa.”

“Goggo Tambaya ce? Ki gaya mini, don Allah.”

“Na ce miki ba wanda ya rasu. Kiran ki nike.”

Suka tsaya cirko-cirko, ba wadda ta san abin da ake yi bayan wannan. Ɗan kamasho ya buga rufin mota yana ihu, “Tsafe saura mutum guda! Hajiya in za ki shiga ki shiga, rana na tahiya!” Da Juwairiyya yake, wadda ya riga ya sa a lissafi, amma Hanatu ta ɗauki jakar daga ƙasa ta tura 'yarta ciki, ita ma ta bi ta. Ɗan kamasho ya leƙa ya ga baya ya cika huɗu, ya danna ƙofa da gwiwa har ta kama.

Wanda ya taɓa zama na huɗu a bayan Golf ya san ba a zaman kunya a wurin. Kafaɗarsu ta haɗe, cinyarsu ta haɗe, hannun Hanatu ya rasa wurin zama sai a kan gwiwar Juwairiyya. Tana jin ƙashin kafaɗar yarinyar, ta tabbatar ramar ta fi yadda ta hango daga nesa. Mota ta fita gari, gonakin dawa suka fara wucewa.

“Malama,” in ji Juwairiyya ƙasa-ƙasa, “ki janye maganar da kinka yi.”

“Ba ni da ikon janye ta. Mai haƙƙi ke yafewa.”

“Na yafe. Tun ina firamare na yafe, da Baba ya zaunar da ni ya gaya mini yadda abin yake.” Sannan ta ƙara, “Ban rubuta don in kunyata ki ba. Na ɗauka kina buɗewa za ki gane, ki ninke ki sa a jaka, ki karanta ke kaɗai. Na ɗauka kin san rubutuna.”

Akwai manyan ma'aikata a Gusau da Hanatu za ta iya gane rubutunsu tun na ajin raino. Littafin wannan kuwa ba ta taɓa buɗewa ba, Malam Dogo ke dubawa. Hawaye suka zubo mata, ta bar su, ko gyale ba ta kai ba. Wani dattijo da ke zaune a ɗaya gefen ya ce, “Haƙuri Hajiya, Allah shi jiƙan musulmi,” ya mayar da kai ga tasbaharsa.

“Aiken nan uku,” in ji Hanatu bayan sun yi nisa.

“Duk sun iso ni.”

“To mi ya hana ki amsa?”

“Goggo ce ta tambaye ni. Ke ba ki tambaye ni ba.”

“Za ki zo ki karɓi makarantar? Ni nike roƙo, ba ƙungiya ba.”

“Zan zo. In an yi hutun zangon nan zan zo.”

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Hanatu, irin wanda ta manta da shi. Ta yi hamdala a fili. Har ta fara lissafin ɗakin da za a gyara, da wadda za a ba kowane aji. Ta ji bakinta ya saki, magana na son fitowa, ta shekara talatin da wani abu, ba ta san ta inda za ta fara ba. Sai ta fara ta wurin jika, inda kaka ba ta da kunyar kowa.

“Ina mijina Khalid? Rabona da shi tun sallar layya. Ya isa shiga aji ko?”

“Wancan? Ai ya shiga tun bara. Shina ajina.”

Hanatu ta juyo, iyakar yadda matsin mota ya bar ta.

“Wa kinka ce?”

“Shi wancan ɗin, na wajen...” Juwairiyya ta tsaya.

Khalid ne ɗanta na fari. Shekararsa huɗu.

“Ajinki,” in ji Hanatu. Muryarta ta koma can ƙasa. “Ke ke kiran rajista?”

Idon Juwairiyya ya firfito, ta kai tafin hannu ta rufe baki. Hanatu na kallon ta tana ƙirge a zuci, daga na gabansa zuwa na bayansa, yadda ita ma ta yi ɗazu a ofis. Ta ga lokacin da lissafin ya tsaya.

“Ba haka ba ne, Malama,” ta ce ta cikin yatsu. “Ni ina kula da shi. A gida ina... Matan unguwa ne, in sun ga...”

“Na sani. Faɗi sunanai.”

“A nan?”

“A nan. Ni ma a tasha na faɗi.”

Juwairiyya ta dubi dattijon mai tasbaha, ta dubi ƙeyar direba, ta dubi matar da ke gaba da kaji a cinya. Leɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa, sai kuka ya ƙwace mata. Hanatu ta kama hannunta na dama ta riƙe gam.

“Ina jira,” ta ce.

Har motar ta wuce dutsen Kwatarkwashi Juwairiyya ba ta iya faɗa ba.